Shirun da Na Yi Maka a Ƙofar Mai Gari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Idi ɗan Malam Buhari na Mahuta, zuwa ga aminina Ranau. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da tambayar lafiyarka da ta iyalinka da ta gonarka. Bayan haka:

Wasu fatake da suka yi zango a garinmu sun ce sun ga wani dattijo Bamaguje a wata kasuwar ƙauye, tafiyar kwana shida kudu da mu, yana sayar da bandar kifi, kafaɗarsa ta hagu a karkace. Tun kafin su faɗi suna na san kai ne. Na san ba ka karatu, don haka ina roƙon malamin da zai karanta maka wannan takarda, don girman Allah, kada ya tsallake komai, ko da ya ga abin kunya ne a kaina.

Bazara ta kama, gulbi ya tsinke ya koma gurabe, masu zuwa kamun kifi suna ta gyaran homa. Kullum sai sun zo zaurena neman shawara, suna ce mini gwanin ruwa. Duk abin da nake gaya musu naka ne, Ranau. Su kuwa abin da suka sani game da kai guda ne, wai kai ne ka ba iskokin ruwa yayana Sale. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina jin wannan magana ina yin shiru.

Gonarku da tamu iyaka ɗaya. Babana yana karantar da mutane a zaure, naka yana zuba wa gindin tsamiya jini, amma ba a taɓa yin gayya a gonar ɗaya babu ɗayan ba. Kai ka fara ɗora ni kan gora. Ka ce in kwanta da ciki a kanta, in saki ƙafafuna, in daina ƙanƙame ta kamar za a ƙwace mini. Na sha ruwa ranar har na yi amai, kana tsaye kana jira in gama mu koma.

Kai ka koya mini kada in sa hannu a ramin gaɓa sai na fara zura sanda. Ka koya mini kama kurungu ta bayan ƙaya, da gane sawun kada a yashi, da cewa in an ga sawun shiga ba a ga na fita ba, a bar wannan gurbi. Ka ce wuƙa a damtse ake ɗaura ta, inda hannu zai kai ko mutum yana nutsewa. Ka ce idan ruwa ya yi ƙarfi kada in yi gardama da shi, in bi shi a karkace har ya ajiye ni a gaɓa, ko da nesa ne. Abu biyu kuma ka fi nanatawa. Na farko: “Kafin ka kafa bukka, ɗaga kai ka dubi itatuwa. Inda ka ga yayi, tarkacen ciyawar da ruwa ke kwasowa, ya maƙale a reshe, nan ruwan bara ya kai. Ka kwana sama da nan.” Na biyu: “Kada ka ɗaura taru a jikinka ka shiga ruwa, ko na waye.”

Ka tuna tafiyar. Mu uku ne, ni da kai da Yaya Sale. Muka ɗauki goruna uku manya, da homa, da ƙyastu, da garin fura, da sabon tarun da ni da Yaya muka shafe rani muna saƙawa. Inda akwai ruwa mu hau gora mu bi shi, inda ya yanke mu ɗauki kaya a ka mu taka yashi. Kwana biyu muna haka, yamma da Dandume, har muka kai babban gurbin nan mai duwatsu, wanda mutane ba su cika zuwa ba saboda nisa da tsoron mahara.

A tsakiyar gulbin akwai tsibirin yashi, ruwa iya gwiwa ta kowane gefe. Ni na ce mu sauka a nan, kifi na kusa, kura ba za ta dame mu ba. Ka nuna mini yayi a reshen wani ɓaure, sama da tsayin mutum biyu. Yaya ya ce ai ko ɗigo ba a yi ba bana, kwana uku ne kawai. Ka yarda, amma ka yanko kara ka kafa shi daidai bakin ruwa, kuma duk lokacin da ka wuce sai ka dube shi.

Ban taɓa ganin kifi kamar na wannan tafiya ba. Tarwaɗa kamar cinya, karfasa, ragon ruwa. Muka kafa ragaya biyu na banda, hayaƙi bai yanke ba. Ranar ta biyu da la'asar gabas ta yi baƙi can nesa, ana walƙiya ba a jin tsawa. A kanmu kuwa sarari fes. Na ga ka daɗe kana kallon wajen, ka ƙi cin kifin da Yaya ya gasa.

Da hantsi a rana ta uku ka kira mu bakin karan. Ruwa ya hau shi da faɗin yatsa biyu. Ka ɗebo ruwan a tafin hannu ka nuna mana, ya fara ja, ga ƙananan busassun ganye suna wucewa. Ka ce, “An yi ruwa a sama. Mu kwashe yanzu, abin da ya bushe mu ɗauka, sauran mu bar wa tsuntsaye.”

Ina so malamin ya karanta wannan wuri a hankali. Yaya Sale ya yarda da kai. Har ya fara naɗe tabarmarsa. Ni ne na ce a'a. Na ce kifin ragaya ta biyu bai bushe ba, zai ruɓe a hanya, a bari zuwa azahar. Da ka sake magana sai na yi dariya, na ce, “Wannan tsoro ne irin na wanda bai dogara ga Allah ba.” Ni na faɗa maka haka, kai da muka ci tuwo a akushi ɗaya tun ba mu san bambancin gidajenmu ba. Yaya ya ji kunyar ya bi bayanka a kan wannan magana, ya mayar da tabarmarsa ya shimfiɗa.

Ka kwashe kayanka ka kai kan gaɓa. Na ɗauka tafiya za ka yi. Sai ga ka ka dawo da gorarka kaɗai, ka zauna a ƙarshen tsibirin kana fuskantar gabas.

Ba mu kai azahar ba. Ƙarar muka fara ji, kamar iska a cikin busasshiyar dawa, alhali ko ganye ba ya motsi. Ka miƙe tsaye. Sai ga ruwan ya karyo kwana, ja wur, da kumfa da itace a gabansa. Kafin in kai inda na ajiye gorata ruwa ya ɗauke ta, don ban ɗaure ta ba. Wutar banda ta mutu. Inda muke takawa iya gwiwa da safe ya wuce kan mutum, tsibirin yana zaizayewa ta gefe-gefe muna kallo.

Gorar Yaya cike take da ɗanyen kifi. Ka ce masa, “Juye ta. Bar komai. Kada ka shiga sai na dawo.” Ka kifa ni a kan taka gorar, ka kama wuyanta da hannu ɗaya, kana iyo da ɗayan. Ruwa ya yi ƙasa da mu sosai kafin ka samu saiwar itace ka tura ni gaɓa. Ko numfashi ba ka tsaya yi ba, ka ɗauki gorar ka ruga sama ta bakin gaɓa, don ruwan ya kai ka tsibirin.

Akwai abin da ko kai ba ka sani ba, don lokacin kanka na cikin ruwa. Ina tsaye a gaɓa na hango Yaya, ruwa ya kai masa ƙwauri, ya juye kifin kamar yadda ka ce. Sai na hango tarun a bayansa yana shirin tafiya. Na ɗaga murya na ce, “Yaya, tarun!” Ya waiwaya. Ya ɗauke shi ya naɗa a ƙugu. Yashin ya zame a ƙarƙashinsa, ya faɗa kan gorarsa tun ba ka iso ba.

Ya yi rabin hanya, Ranau. Ina ganin fuskarsa. Sai bakin tarun ya warware ya kama wani itace da ke ƙarƙashin ruwa. Gorar ta kuɓuce ta tafi ita kaɗai.

Na ga ka saki taka gorar ka nutse. Ka taso, wani kututture ya buge ka a kafaɗa, na ji ƙarar daga inda nake. Ka sake nutsewa da wuƙa a hannu. Sau uku. A na ukun ka taso da shi, kana jansa da hannu ɗaya, ɗayan yana reto. Muka juya shi, muka danna cikinsa, na kira sunansa har muryata ta dushe. Rai ya riga ya yi halinsa.

Da hannu ɗaya ka taya ni haƙa kabari a kan tudu. Da zan yi masa salla ka matsa can gindin itace ka tsaya, har na gama. Kwana biyu muna tafiya zuwa gida, kafaɗarka ta kumbura, ba ka ce mini ga abin da ka jawo ba. Inda muka samu ruwan sha, ni kake fara miƙa wa.

Kafin a yi sadakar uku magana ta zaga gari. Wani ya gan ka ka yanka baƙar kaza a bakin gulbi ranar da za mu tashi. Kowa ya san haka kake yi duk shekara, haka babanka ya yi, ba wanda ya taɓa cewa komai. Amma wannan karon an tafi da ɗan malam ba a dawo da shi ba, aka ce kazar alkawari ce, Yaya ne cikon.

Mai gari ya tara mutane a ƙofarsa. Kana zaune a ƙasa, hannunka a ɗaure da tsumma. Ka faɗi gaskiya, ka ce ka yi gargaɗi tun hantsi, amma ba ka faɗi wanda ya ƙi ba. Mai gari ya juyo ya ce, “Idi, kai kaɗai ka gani. Ya gargaɗe ku?” Na dubi babana, ya tsufa cikin kwana uku. Na tuna Hajara matar Yaya tana cikin gida da cikin wata bakwai. Na ce, “Ranka ya daɗe, ni dai ruwa na gani ya zo. Ban riƙe sauran ba.”

Ka ɗago ka dube ni sau ɗaya, sannan ka mayar da kanka ƙasa.

Ba wanda ya kore ka. An dai daina amsa gaisuwarka, aka daina sayen kifinka, ranar gayyarka ba wanda ya fito da fartanya, har ni. Da aka yi girbi ka kwashe iyalinka. Ina cikin gonarmu na ga kuna wucewa da kaya a ka, na sunkuya tsakanin karan dawa har kuka ɓace.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na tsaya a wannan ƙofa, gaban ɗan wancan mai garin, na faɗi duk abin da ke cikin takardar nan. Wasu tsofaffi suka ce me ya kawo tonon abin da ya wuce. Liman ya ce in nemi gafarar Allah, sannan in nemi taka, kuma ta farkon tana jiran ta biyun. Hajara tana nan da ranta. Ni na riƙe ta da ɗanta duk shekarun nan, tana yi mini addu'a. Tun ranar Juma'a in na yi sallama a ƙofarta ba ta amsawa. Ban ga laifinta ba.

Cikin da take ɗauke da shi namiji ne, aka mayar masa da sunan ubansa. Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya uku, kuma babu wanda ya fi shi sanin ruwa a Mahuta. Shi na fi jin tsoro. Kwana biyu bai zo gaishe ni ba. A na uku ya shigo zaure, bai zauna ba, ya ce, “Baba, mutumin da ya nutse sau uku saboda ubana, a ina yake?” Na gaya masa. Ya ce in rubuta abin da zan rubuta, shi zai kai.

Shi ne wannan da yake tsaye a gabanka, Ranau. Ka dube shi da kyau, goshin Yaya ne. Bai taɓa ganin kabarin ubansa ba, ni kuma ƙafafuna sun daina kai ni nesa. Idan kana da sauran ƙarfi, ka kwatanta masa tudun. Abin da kuma ka ga dama ka ce game da ni, ka faɗa masa yadda yake, na ce kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya.

Allah Ya ba ka lafiya da yawan rai, Ya sa albarka a gonarka da zuriyarka, Ya tsare ku daga ruwa da mahara da harshen mutane. Allah Ya saka maka abin da ka yi mana, wanda ni na kasa. Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya haskaka kabarinsa. Ni kuma Ya ba ni kwanakin da zan ji amsarka.

Wassalam.

Ni ne wanda ka tura gaɓa,
Idi ɗan Malam Buhari, Mahuta.