A dawo mini da muryar Innata kafin bikin takwararta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya ƙera babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutar gidana,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka masu ilimi, ina yi maka sannu da aiki. Sunana Garba, direban bas ne ni a Makka. Ina zaune a Utaibiyya, hawa na uku, a gidan da lif ɗinsa ya mutu tun kafin mu tare. Karatuna na boko ya tsaya a aji huɗu na firamare, kuma malaminmu ya fi ni murna da tsayawar. Na faɗi haka ne don in ka ga kuskure a takardar nan kada ka wahala wajen neman mai laifi. Na san ba ka jin Hausa. Amma ana cewa injinanku babu abin da ba su sani ba, to ina roƙon ɗaya daga cikinsu ya fassara maka.

Kukana guda ɗaya ne, amma zan jera shi da lambobi don in yi kama da masu takardu.

1. Na baro garinmu, can ƙasar Katsina, ina saurayi, ban sake komawa ba. Da farko babu takardu, da takardu suka samu babu kuɗin jirgi, da kuɗin suka fara taruwa Inna ta riga ta rasu. Abin da ya haɗa ni da ita duk tsawon shekarun nan kaset ne. Kowace shekara takan zauna gaban rakodar maƙwabta ta yi magana, ta ba wani alhajin garinmu ya kawo mini. Ta gaishe ni, ta yi mini faɗa, ta lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu, akuya na kuka a bayanta. In ta yi nisa sai ta ce, "Garba, kana ji na?" ta yi shiru tana jiran amsa. Ni kuma a nan, ƙato da gemu, in ce "Ina ji, Inna."

Shekarar da aka haifa mini 'ya mace na sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi don bakina ba zai iya kama sunan ba. A Hajjin shekarar kaset biyu suka zo. Ɗaya nawa, ɗaya an naɗe shi da ƙyallen zaninta. A cikin nawa ta ce wancan na takwararta ne, ranar da za a kai ta ɗakin miji a sa mata ita kaɗai ta ji. Ta ce maganar mata ce, kada kunnena ya kuskura ya je wurin. Ranka ya daɗe, na saɓa wa Inna a abubuwa da yawa, ciki har da maganar komawa gida. Wannan ɗaya ban saɓa ba.

2. Zafin Makka yana cin kaset. Da na ga biyu sun lalace har Inna ta koma magana da muryar namiji, sai na sayi wata 'yar na'ura a unguwar Kudai da ke haɗa rakoda da kwamfuta, tana da tata manhajar da ke ajiye muryoyin a cikinta. Na juye kaset ɗin duka. Da na zo kan na Ummi na kashe sauti gaba ɗaya, na fita na tsaya a matattakala har ya gama. Bayan haka aka rushe unguwarmu ta da saboda faɗaɗa gari, muka dawo wannan ƙaramin gida da ko takalma sai an yi shawara kafin a ajiye su. Na kwashi kwalin kaset na zubar. Na ce wa maman yara zamanin kaset ya wuce, da muryar mutumin da ya san duniya. Yanzu kowa na tambayata me ya sa ban kwafa a filash ba. Ni a tunanina kwamfutar ita ce babban filash ɗin. Ka ga aikin aji huɗu.

3. A watan Shawwal sanarwarku ta fara fitowa a allon kwamfutar, wai an yi sabon tsari, kuma kyauta ne. Na rufe ta, ta dawo. Na sake rufewa, ta dawo da safe kamar mai neman aure. Ina so ka fahimci wani abu game da garin nan. A Makka in baƙo ya miƙo maka ruwa ko dabino ko abinci ya ce sabil ne, wato sadaka don Allah, ba a tambayarsa dalili, ba a kuma mayar masa da hannu, don lada yake nema, kai kuma taimakonsa kake yi da ka karɓa. Da na ga kamfani kamar naku ya nace sai ya ba talaka kyauta, wallahi na ɗauka Allah ne ya taɓa zuciyarka. Wajen goma ga Zulƙida na danna na yarda. Har addu'a na yi maka.

4. Kwamfutar ta yi yini guda tana juya wasu 'yan ɗigo tana cewa kada in kashe ta, tana shirya mini komai. Da ta farka ban gane gidana ba. Duk abin da na saba samu a hagu ya koma dama, wanda ke dama ya ɓuya. Ta ce sai na buɗe rajista da ku, sai na ƙirƙiri kalmar sirri mai babban baƙi da ƙarami da lamba, na ƙirƙira, ta ce ta yi rauni. Mutum ya shekara talatin yana tuƙa alhazai, na'ura ta dube shi ta ce sirrinsa ya yi rauni. Firintar da nake buga jadawalin tafiya da ita ta daina gaisawa da kwamfutar, kamar an yi musu faɗan gado. Wurin kashewa ma na neme shi na rasa, kwana da kwanaki sai dai in zare waya daga bango, yara na dariya suna ce mini da Larabci Baba ya ci kwamfuta da yaƙi.

Duk wannan na haƙura, har na fara sabawa. Na gano inda kuka ɓoye wurin kashewa, na rubuta kalmar sirrin a jikin bango don kada ta ɓata. Abin da ban gani ba shi ne manhajar muryoyin Inna. Na duba ko'ina babu alamarta. Na ce ai tana nan, ta ɓuya ne kamar sauran, bayan Hajji in kai wa mai gyara ya nemo ta.

5. Kai ba ka san mausimi ba, wato lokacin aikin Hajji. Daga tsakiyar Zulƙida har Muharram ya kama, duk namijin da ke da aikin hannu a garin nan ba ya gidansa. Muna Kudai muna lodi, muna Mina, muna Arfa, muna Muzdalifa cikin cunkoson da bas ke yin tafiyar kunkuru, mu kwana a kujerar direba da ƙafa a kan sitiyari. Ana gamawa a shiga kai alhazai Madina da Jidda. A cikinsa muke samun abin da za mu ci shekara. Babu wanda ke tuna yana da kwamfuta.

A Muharram na ɗauki kwamfutar na kai wa mai gyara a Kudai. Ya bincika, ya cire tabarau, ya ce in zauna. In mai gyara ya ce ka zauna, ka san ba shayi zai ba ka ba. Ya ce sabon tsarinku bai san manhajar ba, don haka ya tattara ta da duk kayan da ke cikinta ya zuba a wani rumbu tare da tsohon tsari. Ya ce ana ajiye rumbun wata guda ko mutum zai so ya koma, in watan ya cika kwamfutar ta share shi da kanta don a sami wuri. Ranka ya daɗe, ni ban ce mata wuri ya yi mini kaɗan ba. Na lissafa, sai na ga a lokacin da take shara ina tsaye a Muzdalifa ina roƙon wata tsohuwa ta bar tsintar tsakuwa a ƙarƙashin tayata. Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa. Abin da ya iya tonowa hoton wata tayar bas da ta fashe ne, da wani guntun ƙara kamar ana soya albasa.

Ya ce kun rubuta maganar wata gudan, tana cikin doguwar takardar da na danna na yarda. Ban musa ba. Amma wa ya zaɓi wata guda? Duk wanda ya zaɓa bai san akwai garin da mazansa ke barin gida fiye da wata guda su dawo ba.

6. Na kira lambar taimakonku. Wata baiwar Allah mai ladabi ta amsa da Larabcin Masar, ta ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna. Ta tambaye ni ko na ajiye kwafi a gajimare. Na ce mata 'yar'uwa, a Makka nake, mu gajimare sai mu daɗe ba mu gan shi ba. Ta yi dariya, ta ba ni haƙuri, ta roƙe ni in ba hidimarta maki. Na ba ta cikakke, don ba ita ta yi sharar ba.

7. An sa bikin Ummi a Rabi'ul Awwal. Ita ta zaɓi mijinta, yaron kirki ne, ɗan maƙwabtanmu na tsohuwar unguwa. A nan aka haife ta, Larabci ne a bakinta, Hausarta a da ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba. Tun tana ƙarama ta san kakarta ta bar mata saƙo. Tun da aka sa rana ta tsare uwarta a kicin sai ta koya mata Hausa, don ta ce ba ta yarda a yi mata tafinta tsakaninta da kakarta ba. Yanzu in na dawo daga aiki sai ta tare ni da "Baba, ya gajiya?" tana lanƙwasa harshe, ta tambaye ni ko Kaka na magana da sauri. Ni kuma in shige banɗaki in daɗe. Ban faɗa mata ba.

Maman yara ce ta kawo shawara. Akwai Hajiya Yalwa, wata dattijuwa 'yar ƙasarmu da ke sayar da kuka da daddawa a bayan layinmu. Ta ce mu roƙe ta ta yi wa Ummi nasiha a waya, mu ce Inna ce, tunda yarinyar ba za ta bambance ba. Na yi fushi, na ce haram, na yi wa'azi mai kyau. Bayan La'asar kuma na sa takalmi na tafi.

Hajiya Yalwa ta saurare ni har ƙarshe, ta share hawaye da bakin mayafi. Ta ce abin da ake faɗa wa amarya ta san shi, duk tsohuwa ta sani. "Amma Garba, kwaikwayo mini yadda take magana in ji, kada in yi mata ƙarya da murya."

Na buɗe baki. Ni da nake kwaikwayon alhazan kowace ƙasa a tashar Kudai direbobi na faɗuwa don dariya. Kalmominta duk suna nan a kaina, amma muryar babu. Ban san ko siririya ce ko mai kauri ba. Ashe tun ranar da na juye ta a kwamfuta na bar wa na'ura aikin tunawa. Na zauna da baki a buɗe har Hajiya ta ƙulla mini daddawa a leda ta ce in gai da gida. Ban koma ba, ba kuma zan koma ba.

Don haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. Ba na neman diyya, ban san farashin da zan faɗa ba.

Na farko, ana cewa kwamfutocin da ke da sabon tsarin nan suna aiko muku da bayanai. Mai gyara ya ce irin nawa ba ya ciki, amma shi ba a kamfaninku yake aiki ba. Ka sa a duba rumbunanku. Sunan abin "Ummi", da baƙaƙen Larabci. In an same shi, don Allah mace ce za ta buɗe ta tabbatar.

Na biyu, kafin na'urarku ta share wani abu a gidan mutum, ta tsaya ta tambaye shi da manyan baƙaƙe, ta kuma jira har ya amsa, ko da shekara zai yi.

Na uku, in dole sai kun ƙirga wata guda, ku cire watan Hajji a lissafin mutanen garin nan.

Zan jira amsarka har ranar ƙunshi. In ba ta zo ba, kuma zuciyata ta riga ta faɗa mini ba za ta zo ba, zan zaunar da Ummi in gaya mata da bakina. Da Hausa zan faɗa, don ba ni da ƙarfin faɗarsa da Larabci. Ta koyi wadda za ta ishe ta ta gane kowace kalma.

Allah ya ƙara wa kamfaninka albarka, ya tsare ka da dukiyarka. In mahaifiyarka na raye, Allah ya ja kwananta. Ka ajiye aiki yau ka kira ta, ka bar ta ta yi ta magana.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba Direba,
Utaibiyya, Makka.