Goggo ta hana ni shatar mota a Zanzibar

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fatan kana lafiya. Ya iyali, ya damina, ya mutanen Kabo? Ya ƙafar Baba? Ni dai ina nan Darussalam ina yi wa mai shago bauta, gajiya kuwa ba a magana.

Da Goggo Hajara ta zo, na kai ta hutu tsibirin Zanzibar. Na yi niyyar ɗaukar hayar mota mu kaɗai, don kada ta koma gida ta ce ina wahala. Kuɗin takin da na yi maka alkawari na so in taɓa, tunda ku kun ɗauka a titi muke tsintar kuɗi.

Da ta ji farashin sai ta ce, "Haba Habu, mota guda mu biyu? Ranar kasuwar Kabo ka taɓa ganin mota ta tashi da kujera ba kowa?"

Ta nufi wata dattijuwa da mijinta, waɗanda ta ba kilishi a jirgin ruwa. Ba ta jin yarensu, ba sa jin namu, amma da sallama da nuni ta shawo kansu muka yi haɗaka, mota ɗaya. Ni kunya ta kama ni, ita ko a jikinta. Gaba ma ta zauna.

Wallahi Goggo ta fi ni hankali. Kuɗin takinka ban taɓa su ba, suna hannunta za ta kawo maka. Ita za ka yi wa godiya, ba ni ba.

A sa ni a addu'a. Ka gaida Inna da yara.

Ƙaninka,
Habu