Na loda wa motar Alhaji masara na bi hanyar Beli

Daga admin: Wani ɗan uwa ne ya turo wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. A ba shi shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayena da yayyena, ina fatan kun wuni lafiya. Na daɗe a cikinku ina karanta na wasu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai dole ta sa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku taimaka ku ba ni da wuri, domin gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a yanke maganar.

Ni ɗalibi ne a jami'a, gidanmu yana cikin garin Karaye. Ba ni da yawan magana, a gida Farfesa suke ce min don kullum ina ɗaki da littafi. Kakarmu wadda ta haifi Baba, muna ce mata Inna, tana zaune a wani ƙauye a bayan Beli ta ƙasar Rogo. An yi an yi ta dawo wajenmu ta ƙi, ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki. Tana da hawan jini da ciwon gwiwa, duk wata sai an kai ta asibiti Kano. Daminar bara jikinta ya tashi ana tsakiyar ruwa, motar hayar da Baba ya ɗauka ta kasa haye mashigin ƙoramar da ke kafin ƙauyen, sai a amalanken shanu aka kwantar da ita aka fito da ita bakin titi, an lulluɓe ta da leda. Ranar na fara ganin hawayen Baba. Tun daga nan ya ce in Allah ya yarda sai ya sayi jif mai cin mutum bakwai, wadda za ta je har ƙofar ɗakin Inna ko da ruwa ko ba ruwa, ta kuma kwashe mu gaba ɗaya in tafiya ta kama. Ya faɗa mana mota ɗaya zai saya a rayuwarsa, ba shi da ƙarfin ta biyu.

Yayana, babban ɗa a gidanmu, yana neman auren 'yar wani Alhaji mai sayar da motoci a Kano, an ma sa rana bayan Babbar Sallah. Saboda wannan surukuta Alhaji ya yi mana abin da ba ya yi wa kowa, ya aiko da jif biyu har gida, baƙa da fara, ya ce su yi mako guda mu duba mu zaɓa. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kuma a gabana ya faɗa, kada a sauke su daga kwalta. Baba bai iya tuƙi ba, sai ya kira ni ya miƙo min makullan biyu, ya ce tunda ni ne mai bin diddigi, in tuƙa kowacce in rubuta abin da na gani, abin da na rubuta shi zai bi.

Na sayi sabon littafi don wannan aikin. Ranar farko ni da Yaya muka ɗauki baƙar muka hau titin Rogo. Ba zan ɓoye muku ba, mota ce mai daɗi. In ka rufe ƙofa duniya ta yi shiru, ba ka jin inji sai ka kasa kunne. Sitiyarinta da yatsa biyu ma za ka juya shi, birki kuwa ka ɗan taɓa ta tsaya cak ba tare da ta jijjiga ka ba. Kujerun fata ne, sanyin esi yana kaiwa har layin baya, akwai sikirin a gaba da ke nuna maka bayanka in za ka yi ribas. Na shiga layi na uku na zauna da kaina, gwiwata ba ta taɓa kujerar gaba ba, babban mutum zai iya zama har Kano bai yi ƙorafi ba. Ramukan titi kuwa haɗiye su take yi, sai dai ka ga ramin ya wuce.

Farar ta girme ta, kuma ana gani. Sitiyarinta da nauyi, sai ka sa hannu biyu a kwana. Injin yana gurnani, in ka shiga rami sai ka ji shi har ƙashin bayanka, kuma ta fi shan mai. Layi na uku a matse yake, da na zauna gwiwata ta kusa taɓa haɓata, sai dai ƙannenmu mata su zauna a can. Yaya yana ta dariya yana cewa wannan ai tarakta ce aka yi wa fenti. Amma tana da tsayi daga ƙasa, kuma akwai wata 'yar giya da in ka sa, tayoyin huɗu duk suna ja. Baƙar kuwa tayoyin gaba ne kawai ke janta. Da muka dawo na durƙusa na auna tsakanin cikin kowacce da ƙasa. Baƙar taƙi ɗaya ce da ƙyar, farar ta fi ta da yatsa huɗu. Na rubuta.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk gwajin nan mu biyu ne a mota, a kan kwalta, rana tana dukan ƙasa. Motar da Baba yake so kuwa za ta ɗauki mutum bakwai ne da kayansu, a hanyar burji, da damina. Na gaya wa Yaya haka a hankali, sai ransa ya ɓaci. Ya ce ni matsalata komai sai na mai da shi jarrabawa, damina wata nawa ce, in ta kama ai sai a fito da Inna a babur zuwa titi. Ya ce Alhaji da bakinsa ya ce baƙar ce ta dace da gidanmu, in muka zaɓi farar kamar mun ce bai san sana'arsa ba, kuma shi a baƙar yake so a ɗauko amaryarsa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Farfesa, kada ka kwafsa min a gaban surukina, ka rubuta baƙar kawai." A gidanmu ƙane ba ya ja da wansa, kuma shi ya koya min tuƙin nan da kansa, shi yake kai ni makaranta da kayana duk farkon zango. Na ce masa to.

Amma na kasa rubutawa. Ranar Talata Baba da Yaya suka tafi ta'aziyya Tudun Kaya tun da safe a babur, suka ce sai yamma. A nan na yi abin da ya sa nake rubuto muku. Na buɗe sito na fito da masara a ƙananan buhuna, na kimanta nauyin kowa a gidanmu, na shimfiɗa tabarma a kujerun farar, na zaunar da buhunan inda kowa zai zauna, har da na kaya a but. Umma ta leƙo ta gan ni ina ta haki, ta ɗauka niƙa zan kai, ni kuma ban gyara mata ba. Na san na ji sharaɗin Alhaji. Na ce a raina sau ɗaya ne, a hankali zan bi, babu wanda zai sani.

Farar da ta ji nauyi sai ta nutsu, tsallen nan da take yi a kwalta ya ragu. Na sauka burji bayan Beli, gargada tana kaɗa ni amma sitiyarin bai kufce min ba. An yi ruwan farko kwana biyu kafin nan, mashigin akwai laka da ɗan ruwa. Na sa giyar nan, ta shiga, ta yi gurnani, ta fita ɗaya gefen kamar ba a yi komai ba. Na tsaya har ƙofar Inna. Ta fito da sandarta tana kallon buhunan ta taga, ta ce, "Angona, lefen nawa ne ka kawo da masara? Lallai na yi dacen miji matsiyaci." Na sauke buhun da ke mazauninta na ce ta gwada shiga. Ta kasa ɗaga ƙafa saboda tsayin motar, sai da na ɗauko kujerarta 'yar tsuguno ta taka. Da ta zauna ta ce wannan raƙumi ce ba mota ba, amma raƙumin da ya zo ƙofar ɗaki ya fi dokin da ke jira a titi. Na rubuta har maganar kujerar.

Na dawo gida, na kwashe buhunan na mayar cikin baƙar, bayan azahar na sake kama hanya. Tun a gida na ga bayanta ya zauna, da na auna yatsa uku sun tafi daga taƙin nan. A kwalta daɗinta yana nan. A burji ma ta fi farar laushi, sai dai ina jin ciyawar tsakiyar hanya tana sharar cikinta. Da na iso mashigin na tsaya na daɗe ina kallo, zuciyata tana ce min in juya. Na shiga a hankali. Tayoyin gaba suka fara juyawa a wuri ɗaya, na ƙara mai kaɗan, sai na ji ƙara daga ƙasa, ƙaaat, kamar an ja faranti a kan dutse. Da ƙyar na samu ta fito da baya, ban ma yi rabin mashigin ba. Wannan fa ruwan farko ne, ƙasa ba ta ma jiƙa sosai ba.

Na dawo, na mayar da masarar sito, na wanke motocin biyu tas, na share ciki kafin su Baba su iso. Da na leƙa ƙarƙashin baƙar na ga murfin robar da ke ƙasan inji ya tsage, gefe ɗaya yana reto. Jiya Laraba da safe kuma na ga ɗigon baƙin mai a ƙasa daidai inda take tsaye, bai fi girman kwabo ba. Ban sani ba ko ni na jawo shi ko dama tana yi, ni ba bakanike ba ne. Abin da na yi shi ya fi damuna. Na waiga ban ga kowa ba, na sa ƙafa na tura ƙasa na rufe shi. Ni da ko biro na tsinta a aji sai na nemi mai shi.

Yanzu ga inda nake. In na yi shiru na ce baƙar, Baba zai saya don ya yarda da ni, kuma na riga na san ba za ta haye mashigin nan ba ranar da ake buƙatarta, sai dai a sake neman amalanke. In na ce farar ba tare da dalili ba, Yaya da Alhaji za su kayar da ni da magana, don a kwalta baƙar ta fi ta ta ko'ina, ni kuma ban iya musu ba. Hujjata ɗaya ce, ita ce kuma laifina. In na faɗe ta, na tona cewa an ci amanar Alhaji a gidan da zai ba wa 'yarsa, an kuma yi wa motarsa rauni an ɓoye. Ban san yadda zai ɗauka ba, ban san ko maganar za ta taɓa auren ba, kuma na san Yaya ba zai manta min ba. Akwai ma yiwuwar kunya ta sa Baba ya ce tunda mu muka ɓata ta, mu za mu saye ta, kun ga na jawo abin da nake gudu da hannuna. Ga Inna kuma, bakinta ba ya riƙe magana, duk ranar da Baba ya kira ta za ta ba shi labarin raƙumi.

Na so in samu Yaya shi kaɗai in faɗa masa, sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinsa ina juyawa. Jiya na ji shi a waya yana gaya wa amaryar launin kujerun.

Yau bayan la'asar Baba ya kira ni zaure. Yana zaune a kan buzunsa, ya ce in miƙo hannu. Ya zuba min ƙwayar masara uku a tafi. Ya ce ya shiga baƙar ne ya gwada kujerar baya da ake ta yabo, sai ya same su a lungun kujera. Ya ce, "Ashe motar Alhaji har masara take ci." Bai yi dariya ba, bai kuma tambaye ni komai ba. Na sunkuyar da kai. Can ya ce, "Gobe Alhaji zai zo da kansa bayan Juma'a. Ka zo da littafinka ka karanta mana a gabansa. Kai ne idona a wannan maganar, uwata zan ɗauka a ciki."

Littafin yana gabana yanzu. Duk abin da ya faru ranar Talata yana ciki, shafi huɗu, don ban iya ganin abu in ƙi rubutawa ba. Jama'a, in yage shafukan nan in karanta sauran? In karanta duka a gaban Alhaji, komai zai faru ya faru? Ko in samu Baba shi kaɗai bayan sallar asuba, ko kuwa Yaya ya kamata in fara tara tunda surukinsa ne? Masu mota a cikinku kuma ku gaya min, ɗigon man nan babban abu ne? Don Allah kada ku tsaya zagina a kan karya sharaɗi, na san na yi laifi. Ku dai faɗa min wanda zan fara fuskanta da kuma abin da zan ce. Masarar ukun tana cikin aljihuna, na kasa zubar da ita, kuma hadari ya fara haɗowa ta wajen Rogo.