Muryar Buba da Aka Bari a Tsohuwar Sarwa

Daga: Abdussalamu Jibo, mai kula da shafin intanet na Cigiyar Arewa, Dogon Dutsi, Jihar Doso

Zuwa ga: Mai girma Daraktan Kula da Abokan Hulɗa, Kamfanin Rumbu-Sadarwa, Yamai

Ranar 18 ga Nuwamba, 2024

Game da: Muryoyin da ba a kwaso ba lokacin ƙaurar shafinmu, da roƙon a dakatar da shafe su

Mai girma Darakta, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni mai sayar da talho ne, wato wayar hannu, a kasuwar Dogon Dutsi. Tun shekarar 2021 shafinmu yake zaune cikin sarwarku ta tarayya, wato na'urar da ke ɗauke da shafukan mutane da yawa wuri guda. Aikinsa cigiyar dabbobin da sunka ɓace. Makiyayi yakan zo shagona ya faɗi kamannin saniyarsa, sannan ya kira ta da sunanta kamar yadda yake kiranta a daji, ni kuwa in ɗora muryar a shafi. Wanda ya tsinci saniya sai ya kunna mata. In ta ɗaga kai ta amsa, gardama ta ƙare. Ga koke-kokena:

1. Ranar 9 ga Satumba kunka rufe shafin ba tare da sanarwa ba. Daga baya kunka rubuto cewa mun fi ƙarfin wurin, muna takura wa maƙwabta, sai mu kama sarwa tamu mu kaɗai. A takardar har kun taya ni murnar bunƙasa. Na gode, sai dai bunƙasarmu ma'anarta dabbobi na ƙara ɓacewa ne. Duk da haka ban yi musu ba, na amince da ƙaurar.

2. Ranar 2 ga Oktoba ma'aikacinku ya yi mana ƙaurar. Ya kwaso rubutu da hotuna tsaf, ya bar muryoyin duka, wai nauyi gare su kuma ya ɗauka tarkace ne na wucin gadi. Ranka ya daɗe, rubutun nan suna ne da kwanan wata kawai, ni ke yin abina. Masu amfani da shafin ba su karatun boko, da kunne suke shiga. An kawo mana buhu an bar hatsin. Yau muna da sabuwar sarwa mai faɗi, mai saurin gaske, babu ko tari a cikinta.

3. Ba ni da kwafin muryoyin. Talhona ba ya iya riƙe su, kuma yarjejeniyarmu ta ce ajiya aikinku ne. Na yi ta kiran bironku, wato ofishinku, kowane kira sai a ba ni sabuwar lambar dosiye ta kokena da haƙuri. Amsa ɗaya tak na samu mai kai da gindi: za a shafe tsohon wurinmu ranar 30 ga Nuwamba don a bai wa wani.

4. Wannan shi ne dalilin takardar. Ranar 14 ga Agusta wani makiyayi, Malam Buba na wajen Ɗan Kassari, ya zo cigiyar saniyarsa mai suna Wule. Ya tsaya tsakiyar shagona ya kira ta har masu wucewa sunka waiwayo. Cikin Oktoba Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Yanzu an ga Wule, tana ɗaure a gidan wani dattijon unguwa a Kore Mairuwa, amma wani mutum ya ce tasa ce, har da shaidunsa. Matar marigayin, Ajuma, ta je ta kira ta, saniyar ko kunne ba ta motsa ba. Dama marigayin ke kiwonta, shi ke tatsarta, Ajuma nonon kawai take kaiwa kasuwa. Dattijon mai adalci ne, ya ce zai jira zuwa ƙarshen wata. In ba a kunna kiran Buba gaban jama'a ba, zai bai wa mai shaidu. Da nonon saniyar nan Ajuma ke fatan ci da marayunta, ba ta da wata.

5. Kowace ranar kasuwa sai ta zo ta zauna kan bencin shagona, ta tambaye ni ko mutanen Yamai sun saki muryar. Ban san yadda zan fassara mata sarwa ba. Na ce mata an kulle muryar cikin wani ɗaki, makullin na wurinku. Wallahi kunyar matar nan nake ji, har nakan so in rufe shago in na hango ta.

Saboda haka ina roƙon mai girma Darakta, cikin ladabi, ya ba da umarni a dakatar da shafewar ranar 30 ga Nuwamba, a kuma mayar da muryoyin cikin sabuwar sarwarmu. Gaskiya ban sa rai ba, na san takardar Dogon Dutsi ba ta saurin kai wa tebur. In duka ba zai yiwu ba, na haƙura da sauran. A ciro mani guda ɗaya: ta ranar 14 ga Agusta, sunan Buba, Ɗan Kassari. Ba ta da tsawo, kuma ba za ta takura wa maƙwabcin kowa ba.

Ajuma ta ce in ƙara wani abu, na kuma yi mata alkawarin rubutawa. Ta ce ko da muryar ta iso bayan an tafi da saniyar, a aiko ta hakanan, tana so yaran su ji ubansu yana kira.

Ina jiran amsarku tare da cikakkiyar girmamawa. Allah ya ƙara wa mai girma Darakta lafiya.

Naku mai biyayya,
Abdussalamu Jibo
Cigiyar Arewa, Dogon Dutsi