Hannuwan da Gure Ta Gane

Zuwa ga Ummul Kulsum, sanyin idona, dabinon kwarinmu mai riga saura nuna, ruwan randar da nake tunawa in rana ta take. Gaisuwa mai tarin yawa daga wanda ya ja miki magana ba da nufi ba.

Ummu, me na yi haka? Yaya aka yi ɗan allon zanen da bai kai faɗin tabarmar salla ba ya ta da garin Gure tsaye?

Kin san da aka buɗe baje kolin zane-zane a gidan matasa, gwanaye sun zo daga Damagaram, Mirya, har Tanut. Wani ya ƙera raƙumi da gwangwanayen tumatir. Wata ta liƙa rairayi da kanwa a kan ƙyalle, ta ce tudun da ke cinye gonakinmu ne. Ni kuwa, ɗan malamin zane na kwaleji, na rataye nawa can lungu, ina cewa ko kallo ba zai samu ba. Hannuwanki biyu ne kawai na zana a kan faifai suna tsintar dabino. Ba fuska, ba suna. Na ɗauka dabara na yi, na rufa miki asiri. Ashe wauta ce tsagwaronta!

Kin tuna yammacin nan a gidan yayarki, da na miƙa miki zoben azurfar marigayiya innata? Kika sa shi, kika ci gaba da tsinta kamar ba abin da ya faru, alhali dabinon sai zubewa yake daga hannunki. Kika ce in yi shiru sai Baba, mahaifinki, ya gama girbi in tura manya, kada ya ji a bakin kowa. Na ce to. Bakina bai faɗa ba, Ummu, hannuna ne ya tona mu.

Ranar kasuwa mata suka cika zauren maƙil. Sai ga Iya Habsu mai lalle ta tsaya gaban allon, ta dafe ƙirji ta ce, "Kai jama'a! Wannan ai ƙunshina ne! Ganyen goribar nan na bayan hannu, ƴar Malam Aisami kaɗai na yi wa shi da Salla." Kafin in haɗiye yawu, wata tsohuwar unguwarmu ta matso ta ƙura ido. "Zoben kuwa na Yakura ne, uwar Fadilu. Tun tana amarya na san shi." Inna lillahi! Ni da na zauna ina fitar da kowane layi na lallen nan don ƙauna, ina zan san mata na gane hannun mai ƙunshi kamar yadda makiyayi ke gane sawun raƙuminsa?

Daga nan fa sai abin ya fi ƙarfina. Daga Bune ana zuwa, daga Gidigir ana zuwa, kowa da salula yana ɗaukar hoto. Ƴan mata sun yi layi ƙofar Iya Habsu suna neman "lallen allo". Ɗalibaina ba sa zana komai sai hannu. Raƙumin gwangwani, bawan Allah, ko mai leƙensa babu. Wasu baƙi daga Yamai suka ce za su tafi da allon a nuna wa ƙasa duka. Wannan ce ranar da kowane mai zane ke mafarki, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Don na ji abin da ya faru a ƙofar masallaci. Wani ya kama hannun Baba yana cewa Allah ya sanya alheri, yaushe ne biki, shi kuwa bai san komai ba. Dattijo mai mutunci ya ji zancen ƴarsa a bakin duniya! Wace kunya ta kai wannan? Tun ranar ba ki ɗaga kirana ba, yayarki ma in ta hango ni sai ta sauya hanya. Ban ga laifinku ba. Amma shirunki yana cin raina, ya ke hasken idona.

Na sauke allon. Na ce wa baƙin Yamai su yi haƙuri, ba na tafiya ba ne. Ko kin san har yanzu mutane na shiga su tsaya kallon ƙusar da aka rataye shi?

Ranar Juma'a kawuna Ibram zai zo wurin Baba da goro. Ban haƙuri zai fara yi, sai in an karɓa ya nemi iri. Allon yana ɗakina, fuskarsa a bango. In Baba ya ce a ƙona shi, ni da hannuna zan ƙyasta ashana, ba zan waiwaya ba.

Abu guda nake roƙo ki sanar da ni, ko ta bakin yayarki ne. Lallen Salla na san ya goge tuni. Zoben fa, Ummu? Yana nan?

Naki, ko an karɓi goron ko an mayar, har ranar da za a rufe ni da ƙasar Gure,

Fadilu