Tafintar Gwaggo Lami

Daren Talata, Maris 2000

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma rabin faɗan Gwaggo Lami a cikina yake tsayawa. Ƙashin ɗanta Sani ko atishawa ya yi sai ya karye, shi ya sa take tara iyayen yara irinsa suna neman a ba su likitan ƙashi. Ni nake juya maganarta zuwa Yarbanci.

Yau ta ce, "Gaya wa ogan asibitin nan tun zamanin soja yake cewa gobe. Farar hula ta zo, gobensa ba ta zo ba! Mahautan kwatar Oko-Oba sun fi shi tausayin ƙashi."

Na dubi takalmina na ce, "Oga, tana gaishe ka."

Ya ji daɗi, ya ce mu dawo gobe.

A cikin danfo, motar hayar da muka shiga zuwa gida, Gwaggo ta ce, "Ke Hadiza, Yarbanci akwai taƙaita zance!" Sani kuwa yana cije leɓe duk ramin da muka faɗa.

Ɗazu na gwada faɗan nata da Yarbanci a banɗaki, har Baba ya tambaya da wa nake rigima. Gobe ba zan rage komai ba. In kunya ta kama ni, sai in rufe ido.