Irin Albasar Kaka

Lahadi, 14 ga Oktoba

"Ke ce kika karanta tarihi, Ruksana, ki tsara mana shi da kyau. Daga Ariha ta ƙasar Larabawa muka fito, cikin rundunar da ta ci ƙasar Sindh da yaƙi. Mu ba 'yan lambu ba ne, ƙasa aka ba mu muka riƙe."

Baffa Sarwar ke nan, wan Abba, tun ban ajiye jaka ba. Ƙungiyar ƙabilarmu ta Arain za ta buga littafi, yana so gidanmu ya samu shafi huɗu. A falon Yaya Tanwir an riga an rataye salsalar cikin gilashi, sunaye arba'in da ɗaya, na saman duk Larabawa. Na ce tsohuwar takardar filayen Jalandhar, garinmu na asali, da na gano ta tsaya ne a kan kakanmu Nathu ɗan Jiwa, mai rijiya ɗaya da fangalin kayan miya. Baffa ya ce magatakarda ne ya yi kuskure. Yaya ya ce in bar Nathu ya huta.

Ba don littafi aka kira ni Faisalabad ba. Eka uku suka rage mana a ƙauye, wani kamfanin gidaje yana so. Sai na sa hannu na yafe wa Yaya rabona, kamar yadda goggonnina suka yafe wa Abba. Ba ni da ja. Me zan yi da gona a bene na uku a Lahore?

Litinin, 15 ga Oktoba

Kaka na ɗakin baya, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu tun shekarar da Abba ya rasu, yau shekara uku. Ba ta tambayi aikina ba, ba ta tambayi rashin aurena ba. Cewa ta yi, "An zuba iri?"

Shagufta, matar Yaya, ta amsa daga bakin ƙofa cewa an zuba. Bakinta ya saba.

Kaka tana da shekara goma sha bakwai a shekarar da aka raba ƙasa biyu, Jalandhar ta faɗa ɗaya ɓarin iyakar. Ayarin amalanke, kwana goma sha tara daga Jalandhar. Ta bar ƙaninta a bakin wata gada, awarwaronta a hannun wani mai bindiga. Abin da ya ƙetaro da ita shi ne irin jar albasar uwarta, ƙulle a gefen mayafi. Tun daga nan ba ta taɓa tsallake Oktoba ba ta zuba shi ba, sai da ciwo ya kwantar da ita.

Laraba, 17 ga Oktoba

Na ga irin. Yana kan kanta a falo, ƙarƙashin salsala, cikin kwalba mai murfin azurfa. Har da ɗan allon tagulla: Jalandhar, 1947.

Yaya ya ce da alfahari shi ya adana shi bayan rasuwar Abba, kafin ya ba da gonar haya ga masu rake. Na tambaye shi yaushe aka shuka na ƙarshe. Ya ce iri ai iri ne, ba ya zuwa ko'ina.

Na yi dariya har ya ji haushi. Duk ɗan Arain da ya taɓa tsugunawa a fangali ya san irin albasa ba ya ganin Oktoba biyu da ƙarfinsa. Alkama tana jira, albasa ba ta jira. Jikan Nathu ne ya manta wannan, saboda yana can yana neman kakansa a Ariha.

Na ɗebi ƙwaya ɗari na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ga ko za su tsiro. Don in rufe masa baki ne kawai.

Asabar, 20 ga Oktoba

Babu tsiro ko ɗaya. Da sauran lokaci.

Talata, 23 ga Oktoba

Baffa ya kawo hoton wata kasuwa a Ariha, ya ce in dubi hancin mai sayar da dabinon, sak nasa. Na ce tabbas, har furfurar.

Na buɗe tsumma sau uku yau. Baƙaƙen ƙwayoyi kamar kashin ɓera.

Juma'a, 26 ga Oktoba

Ɗari cikin ɗari sun mutu. Sun fara fumfuna.

Kaka ta sake tambaya, yau ni ta kalla, ba Shagufta ba. Na ce an zuba, har ya fito kamar gashin jariri, na gani da idona. Ta jawo hannuna da hannunta mai rai, ta kai hanci, ta daɗe tana shinshina.

"Sabulu," in ji ta. "Kin iya ƙarya da tsabta, 'yar nan. Makaranta ta yi rana."

Ta juya fuska bango. Ba ta karɓi lassi, damammen kindirmon da aka kawo mata, ba.

Lahadi, 28 ga Oktoba

Kaka ta cika, bayan azahar.

Talata, 30 ga Oktoba

Sadakar uku. Maza a rumfa suna maganar farashin fili a hankali, yadda ya dace da gidan makoki. Na ji Baffa yana faɗa wa wani baƙo cewa marigayiyar jinin Larabawa ce.

Cikin mata sai ga Inna Barkate, maƙwabciyarmu ta ƙauye, Bajatta, wato 'yar ƙabilar Jat, wadda shekara hamsin ba ta kira gidanmu da wani suna ba sai "'yan albasa." Ta zauna kusa da ni da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Ta ce ta ji labarin kwalbar, duk ƙauye ya ji, har masu shanu sun yi dariya.

Sannan ta ce shekara talatin da suka wuce Kaka ta ba ta tafi ɗaya na irin a madadin nonon ɓaunar da take kiwo, lokacin da Abba ke ciwo. Ita ma ba ta tsallake shekara ba, don kada Kaka ta ce Jat ba su iya komai ba sai bin shanu. Bara 'ya'yanta suka sayar wa kamfanin gonarsu. Saura kwando ɗaya na albasar iri a rataye a rumfarta, ba za su wuce arba'in ba, wasu sun fara tsiro.

"In ba su shiga ƙasa kafin tsakiyar watan gobe ba, miya zan yi da su. Ni ba ni da ƙasa yanzu. Ku ne da saura, in ba ku ƙarasa haukan ba."

Na ce ni malamar jami'a ce, ban san kan fartanya ba. Ta ce ta gani, ga hannun nan kamar na gawa.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Na rubuta wa Baffa shafinsa huɗu. Na fara da Nathu. Ya mayar mini ba tare da ya kai layi na uku ba.

Albasa arba'in ba dalili ba ne na ɓata da ɗan'uwa. Na rubuta wannan don in gani a rubuce.

Litinin, 5 ga Nuwamba

A tashar mota nake.

Lauya ya zo da safe, ya baje takardu a falo, ƙarƙashin Larabawa arba'in da ɗaya. Yaya ya miƙo mini alƙalami. Na tambaya ko kusurwar tsohuwar rijiya, inda Kaka ke barin albasa ta yi fure, tana cikin abin da zan yafe. Lauya ya ce duka ne. Na ce to ina so in karanta a tsanake, ni mai tarihi ce, ba na sa hannu a abin da ban tantance ba.

Baffa ya ce a zuriyarmu ba a taɓa yin macen da ta tsaya wa ɗan'uwanta a kan ƙasa ba. Na ce a wace zuriyar, ta bango ko ta Nathu? Shagufta ta fita da kofunan shayi. Yaya bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi in na fita da takardar nan babu sa hannu, kada in neme shi ranar Idi.

Ba don albasa ba ne. Ba na son a hanzarta ni, shi ke nan. Na nemi ƙarin hutun mako biyu a jami'a ne saboda gajiya. Takalman lambun Abba suna cikin jakata, ban san lokacin da na ɗauke su ba, kuma sun yi mini yawa.

Kwalbar na bar masa, ta dace da falon. Ina kan matakala na ji ya tura ƙofar a bayana, a hankali, sannan ya murza makulli. Motar ƙauye ta cika saura mutum ɗaya.